Tumbin ɓera da tumbin Baba

Maganin nan indometasin, wanda aka fi sani da sunansa na kasuwa, Indocid, aiki biyu yake yi a Afirka ta Yamma. Likita yakan rubuta shi ga mai ciwon gaɓɓai. Matan gida kuwa, musamman a Najeriya, sukan fasa kafson su barbaɗa garin a kan busasshen kifi, su ajiye a lungun ɗaki, bayan 'yan kwanaki a tsinci gawar ɓera. Masana a Jami'ar Benin sun bi diddigin wannan dabara tun 1999. Abin da ke kashe ɓeran shi ne gyambo da zubar jini a tumbi da hanji, domin jikinsa ba ya jure wannan magani kamar yadda jikin mutum ke jurewa. Wannan raunin ne ya ba shi daraja a ɗakunan gwaje-gwaje: duk mai son ya haddasa gyambon ciki a cikin sa'o'i kaɗan, don ya gwada ko wani abu zai hana shi, ɓera yake nema da indometasin.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka samo wata jumla da ke maimaita kanta a ƙarshen takardun bincike masu yawa, daga Masar da Indiya da Turkiyya da Malesiya har zuwa jami'o'in Najeriya: bitamin C da bitamin E suna kare tumbin ɓera daga ɓarnar magungunan kashe ciwo. Jumlar tana da hujja. Sai dai akwai kalma ɗaya a cikinta da takan faɗi a hanya duk lokacin da labarin ya fito daga ɗakin gwaji ya shiga gari. Kalmar ita ce ɓera.

Wata ɗaliba 'yar Aboabo, a Zangon Kumasi, tana karatun haɗa magunguna a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, inda wannan sashe ya zauna tun 1953 da aka ɗauko shi daga Korle Bu. A shekararta ta huɗu aka ba ta wannan batu ta gabatar a gaban 'yan ajinsu. Ta karɓe shi da zumuɗin da ya wuce na mai neman maki, domin a gidansu akwai wanda ba ya wuni sai da irin waɗannan ƙwayoyi.

Mahaifinta ne. Kakansa ya biyo hanyar goro daga ƙasar Hausa, kamar dubban waɗanda suka kafa zanguna daga Salaga zuwa Kumasi, shi kuma ya gaji sana'ar ta ƙasanta: shekara talatin yana ɗora huhun goro a kan manyan motoci. Kalmar kaya ta Hausa ta yi nisa a Ghana, har ita ce rabin sunan da ake kiran 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia, wato kayayei, amma ba a cika tambayar abin da kayan ke bari a jikin mai ɗauka ba. Shi dai sun bar masa gwiwoyi biyu da suka cinye, da ƙugun da ba ya miƙewa sai da nishi. Ya haura sittin da biyar. Kowace safiya yakan aika yaro shagon magani na bakin layi a haɗo masa: fara ɗaya, ja ɗaya, kafso ɗaya, a ƙulle a leda ba suna. Da 'yar ta fara gane ƙwayoyi da ido, sai ta ga dikilofenak ne da ibufurofen da wani ɗan uwansu na uku. Dangi ɗaya ne duka, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya, an tara su ne kawai a baki guda.

Wanda zai fahimci ɓarnar sai ya fara da tambayar da ta fi ta ban mamaki: me ya sa tumbi ba ya narkar da kansa? Ruwan da ke cikinsa asid ne mai ƙarfi wanda ke narkar da nama, shi ma tumbin nama ne. Abin da ya raba su wani siririn shafe ne na yauƙi da ke manne a bangon tumbi, a ƙarƙashinsa akwai wani ruwa mai kama da kanwa da ke kashe kaifin asid kafin ya taɓa fata, a ƙarƙashin wannan kuma akwai jini da ke gudana ba tsayawa, yana kawo abinci yana kwashe duk asid ɗin da ya ɓulla. Fatar bangon kanta sabunta ta ake yi duk bayan 'yan kwanaki. Mai kula da waɗannan matakan tsaro wasu sinadarai ne da jiki ke ƙerawa, ana kiran su furostagilandin. Su ke umartar a zuba yauƙi, su ke buɗe hanyoyin jini.

Matsalar ita ce, 'yan gidan furostagilandin ɗin nan su ne kuma ke kawo kumburi da zogi a gwiwar da ta lalace. A 1971 John Vane, a Landan, ya nuna cewa asfirin da indometasin suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki ƙera furostagilandin, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1982. Amma ƙwaya ba ta san gwiwa ba, ba ta san tumbi ba. Idan ta shiga jini ko'ina take rufe masana'antar. Gwiwa ta yi shiru, tumbi ya rasa mai gadi. Tun ma kafin Vane, a 1938, likitoci biyu a Landan, Douthwaite da Lintott, sun leƙa cikin marasa lafiya da bututu sun ga bangon tumbi ya yi ja a kewayen gutsuren asfirin. Abin da bayanin Vane ya ƙara shi ne cewa ɓarnar ta cikin jini ma take biyowa. Don haka mai cewa a yi masa allura maimakon ƙwaya, wai don ya tsare cikinsa, bai tsira ba.

To ina bitamin ya shigo? Ya shigo ne ta kashi na biyu na labarin, wanda ya fito fili a kusan 1990. John Wallace da abokan aikinsa a Jami'ar Calgary ta Kanada sun lura cewa idan aka ba ɓera indometasin, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan manne a bangon ƙananan jijiyoyin tumbi, su rage gudun jini, su kuma saki wasu ɓaraguzan iskar oksijin masu tsananin ƙuna. A kira su tartsatsin oksijin. Da suka rage waɗannan fararen ƙwayoyi a jikin ɓera kafin su ba shi maganin, sai ɓarnar ta ragu ƙwarai. A shekarar da ta biyo suka nuna cewa sinadaran da ke kashe tartsatsin ma suna rage ta. Tartsatsin nan kitsen da aka gina bangon kowace ƙwayar halitta da shi yake ci, ta hanya ɗaya da iska ke sa ƙarfe tsatsa, ko ta sa man gyaɗar da ya daɗe a buɗe ya canza wari. Idan ya kama wuri guda yakan yi ta bi, kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Bitamin E mai ne, a cikin kitsen bangon yake zaune, shi ke tare wutar ya yanke mata hanya, amma a yin haka shi ma yakan ƙone. Bitamin C a ruwa yake narkewa, yana kashe tartsatsi tun kafin ya iso bango, yana kuma farfaɗo da bitamin E da ya ƙone ya mayar da shi bakin aiki. Shi ya sa masu bincike ke son haɗa su. Tunanin yana da kyau, yana da tsari, ɗalibar kuma ta ji daɗinsa kamar yadda ake jin daɗin lissafin da ya fita daidai.

Tsarin gwajin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A samo fararen ɓeraye matasa masu nauyin giram 150 zuwa 200, a raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida a kowane keji. Rukuni ɗaya ruwa kawai za a ba shi. Na biyu indometasin zalla. Na uku a yi kwanaki ana ɗura masa bitamin C kafin maganin, na huɗu bitamin E, na biyar duka biyun, na shida kuma wani sanannen maganin gyambo kamar omefirazol, don a sami ma'auni. A hana su abinci sa'a 24, a ba su maganin sau ɗaya, bayan sa'a huɗu zuwa shida a kashe su, a tsaga tumbin a shimfiɗa, a ƙirga jajayen zane-zanen da ke bango a auna tsawonsu. Sannan a niƙa naman a auna wani sinadari da ƙonewar kitse ke bari, kamar yadda toka ke nuna an yi wuta. A mafi yawan takardun da aka buga, rukunin bitamin yana fitowa da zane kaɗan da toka kaɗan. A Malesiya har da bitamin E da aka tatso daga manja aka gwada a kan ɓarnar asfirin, ya kuma yi aiki. Abin dariya, kwakwar manjan da suke taƙama da ita 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, a nan kowace mai miya tana da kwalbarsa.

Wata ranar Asabar tana gida tana shirya allunan gabatarwa a kwamfuta, yayanta ya tsaya a kanta yana karantawa. Direba ne, mutum mai saurin yanke shawara da kyakkyawar niyya. Da yamma sai ga shi da kwalbar bitamin C mai miligiram 1,000 a kowace ƙwaya, ya ajiye gaban mahaifinsu.

Ya ce, “Baba, ga shi. Ƙanwata ta ce in kana haɗawa da wannan, maganin ƙafarka ba zai taɓa cikinka ba.”

Ta ce, “Yaya, ban faɗi haka ba.”

Ya ce, “Da idona na gani a rubuce.”

Abin da ya gani a rubuce ɗin haka yake. Tsohon ya juya kwalbar a hannu, ya sa wa ɗansa albarka. An yi masa bushara da abin da ya fi so ya ji, cewa zai ci gaba da shan abin da ke kai shi masallaci da ƙafafunsa, ba tare da 'yarsa ta ƙara kallon ledar da ido ba. Ita kuma ba ta da ta cewa a gabansa. Ba a ƙaryata babban wa a gaban uba a kan kyautar da aka riga aka sa wa albarka.

A daren ta koma kan takardun da wata tambaya dabam. Da farko tambayarta ita ce ko bitamin yana aiki. Yanzu ta zama: a jikin wa?

Ta fara da lissafi. Sau da yawa ana ba ɓera miligiram 30 na indometasin a kan kowane kilo na nauyinsa. Ba a ɗaukar wannan a ninka kai tsaye ga mutum, domin ƙaramar dabba ta fi saurin ƙone magani. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba na ɓera da 6.2. Ko da an yi hakan, mutum mai kilo 70 zai tashi da kusan miligiram 340 a haɗiya guda, a kan cikin da ya yi kwana da wuni ba abinci, alhali iyakar abin da ake yarda mutum ya sha a wuni miligiram 200 ne, a rarrabe. Bitamin ɗin ma haka. A wasu gwaje-gwajen ana ba da miligiram 200 na bitamin C a kowane kilo, wanda ga mutum ya haura miligiram 2,200 a rana. Wannan ya zarce lemon zaƙi talatin, ya kuma zarce 2,000 da aka sa a matsayin iyakar da babba zai sha ba tare da gudawa da murɗar ciki ba. Abin da jikin namiji babba ke buƙata a rana 90 ne kacal. Wato gwajin karo ne tsakanin guba mai yawa da kariya mai yawa, a cikin rabin wuni. Mahaifinta kuwa kaɗan-kaɗan yake sha, shekara da shekaru.

Sai batun da ya fi tsaya mata a rai, wanda takardu da yawa ba sa ko ambatawa. Ɓera da kansa yake ƙera bitamin C a hantarsa, kamar akuya da kare da mafi yawan dabbobi. Mutum ba ya iyawa, birai ba sa iyawa, haka ma ɓeran Masar. Wannan ne dalilin da ya sa a 1907, a Norway, Holst da Frølich suka iya haddasa cutar rashin bitamin C a jikin ɓeran Masar, abin da ba zai yiwu da ɓeran gida ba. Ke nan ana gwada ƙarin bitamin C a jikin dabbar da ba ta taɓa rasa shi ba, wadda kuma jikinta ke sarrafa shi ta hanyar da ta saɓa da ta mutum. A jikin mutum hanji yana da iyakar abin da yake tsotsa, ƙoda kuma tana zubar da rarar a fitsari. Ƙwayar miligiram 1,000 ɗin da Yaya ya sayo, kaso mai yawa nata a makewayi zai ƙare.

Ciwon ma ba iri ɗaya ba ne. Jajayen zanen da ake ƙirgawa a tumbin ɓera mai yunwa ƙujewa ce ta sama-sama, wadda in an bar shi takan warke cikin kwanaki. Gyambon da ke kashe mutum rami ne mai zurfi, yawanci a ƙasan tumbi ko a farkon hanji, wanda ke ci har ya iske jijiya ko ya huda bango. Masana a Japan sun nuna tun 1981 cewa sai an sauya tsarin gwajin, an ciyar da ɓeran bayan yunwar, kafin a sami gyambo a ƙasan tumbinsa mai kama da na mutane. Ga shi kuma a gwajin bitamin ne ke riga guba shiga, a tumbi lafiyayye na matashin ɓera. Ba a gwada shi a tumbin da aka yi shekara goma ana ci ba. Akwai kuma abin da kowane ɗalibin kimiyya ya kamata ya riƙa tunawa idan ya ga takardu ashirin sun yi baki ɗaya: wanda ya gwada bai ga komai ba, ba kasafai takardarsa ke kaiwa ga bugu ba.

Wannan duka bai rushe binciken ba. An ɗan taka zuwa ga mutane. A 2001 wasu masana a Jamus sun ba wasu lafiyayyun mutane 'yan ƙalilan asfirin na 'yan kwanaki, wani zubin shi kaɗai, wani zubin tare da bitamin C, suka leƙa tumbinsu da bututu mai kyamara. An ga ƙarancin ƙujewa da ƙarancin tsiyayar jini idan an haɗa da bitamin. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, ya kuma dace da abin da ɓera ya nuna. Amma a ajiye shi kusa da irin hujjar da ake nema kafin a ce wa likita ya rubuta abu. A 1995 aka buga gwajin misofurostol, wanda furostagilandin ne na ƙira, a kan mutane 8,843 masu ciwon gaɓɓai da ke shan waɗannan magunguna, aka bi su wata shida, aka ga munanan matsaloli irin su zubar jini da hujewa sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi ma yana da nasa sharrin, yana sa gudawa, yana kuma zubar da ciki, don haka mai juna biyu ba ta kusantarsa. A 1998 manyan gwaje-gwaje biyu suka tabbatar da omefirazol wajen warkar da irin wannan gyambo da hana shi dawowa. Shi ya sa ƙa'idar asibiti a yau, ga wanda ya wuce 65 kuma dole sai ya sha maganin, ita ce a ba shi mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, iri ɗaya tak, na ɗan lokaci, tare da mai rage asid. Bitamin ba ya cikin ƙa'idar.

Bitamin E ma ya fi na C buƙatar taka-tsantsan, domin tarihinsa a jikin mutane ya koya wa masana kunya. An gano shi a 1922 a jikin ɓeraye, a California, kuma tun daga nan yake cika alkawari a keji. Amma a gwajin da aka buga daga Finland a 1994, mai maza mashaya taba 29,133, an sami ƙarin mutuwa ta zubar jini a ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda aka ba shi, rukunin da aka ba sinadarin karotin kuma suka fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2011 wani gwaji a Amurka mai maza fiye da 35,000 ya nuna ƙarin sankarar mafitsara ta maza da kashi 17 ga masu shan ƙwayar bitamin E kullum. Yawansa yana rage daskarewar jini. A ba mai gyambon da ke tsiyaya abin da ke hana jini tsayawa, da sunan kariya, wannan gyaran gangar auzinawa ne.

Akwai kuma baƙon da babu shi a kejin gwaji sam. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Marshall da Warren na Ostireliya suka danganta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980 har suka sami Nobel a 2005, ta zama ruwan dare a wannan yanki. Binciken da aka yi a asibitin Korle Bu ya same ta a kusan uku cikin huɗu na masu kukan ciwon ciki da aka leƙa. Yawanta a arewacin Najeriya ne ya sa likita Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya yi rubutunsa na 1992 da ya kira lamarin wuyar warwarewar Afirka. Tun yarinta ake ɗaukarta, a gidajen da jama'a suka yi yawa, irin gidajen haya na Zango masu tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Tana raunana bango, tana rage bitamin C da ke cikin ruwan tumbi, idan kuma ta haɗu da maganin kashe ciwo haɗarin ninkuwa yake yi. A nan ma bitamin yana cikin labarin, amma a matsayin wanda aka yi wa fashi. Dawo da shi ba ya korar ɓarawon.

Ta gama haɗa hujjojinta, ta rasa ta inda za ta shigar da su. Azumi ya kama, ledar ta koma lokacin sahur: ƙwayoyi uku da ƙwayar Yaya, a kora da koko, a ɗaura niyya. Ta san rashin ruwa na wuni guda yana ƙara wa ƙoda nauyin waɗannan magunguna. Ta kuma san abin da ya fi ba ta tsoro, cewa gyambon da maganin kashe ciwo ya haifar sau da yawa ba ya sallama, domin abin da ya haƙa ramin shi ne ke danne zoginsa.

Mahaifiyarta ce ta buɗe ƙofar. Suna tsinke ayoyo a kicin ta ce, murya ƙasa-ƙasa, kwana uku ke nan tana ganin abin da ba ta gane ba idan ta je wanke makewayi bayan fitowar maigida: baƙi ƙirin kamar kwalta, da wari dabam. Jiya kuma da ya ɗago daga sujada sai da ya dafa bango. Ta tambaye shi, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta bar maganar.

“Mma, jini ne,” in ji 'yar. Jinin da ya zuba a tumbi, asid ya dafa shi, baƙi yake fitowa.

Ba ta kai masa lissafin 6.2 ba. Bayan tarawihi ta durƙusa gefen tabarmarsa, ta ce tana roƙon alfarma ɗaya, ya bar ta ta raka shi asibiti da safe, in likita ya ce lafiya lau ba za ta sake magana a kan ledar ba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kiran sunan.

Ya ce, “Uwata, ai ina shan na yayanki.”

Ta ce, “Baba, na Yaya ba ya cutarwa. Amma ba ya toshe rami.”

Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya tambayi ina aka ajiye katin inshorarsa.

Jininsa ya yi ƙasa sosai. Bututun ya nuna gyambo a ƙasan tumbi, gwaji ya nuna ƙwayar cutar. Aka ba shi magungunan kashe ƙwayar cuta iri biyu da omefirazol na mako biyu, aka ci gaba da omefirazol ɗin bayan haka, aka haɗa da maganin ƙarin jini, aka ce ya sha azumi ya rama daga baya. Aka kuma hana shi dangin ledar gaba ɗaya. An bar masa farasitamol, wanda ba ya cin tumbi amma yana da tasa iyakar saboda hanta, da man shafawa a gwiwa, da wasu motsa jiki da aka koya masa. Game da abinci likitan bai rubuta kwalba ba. Abin da Mma ke dafawa ya wadatar: ganyen kontomire da manja, zogale, miyar kuka, gwaiba da lemo idan lokacinsu ya yi. Goro ne aka ce ya rage, wanda ga mutumin da ya ci abinci da goro tsawon rayuwarsa ya fi hana shi nama ciwo.

Tumbin ya warke. Gwiwar ba ta warke ba, kuma farasitamol bai kai ledar ƙarfi ba, kowa a gidan ya san haka. Mutumin da bai taɓa salla a zaune ba yanzu yaro ke riƙe masa kujerar roba zuwa masallaci, a ajiye masa a ƙarshen sahu. Ya yi makonni ba ya sakin fuska da 'yar. Yaya ma ya ɗan ja baya, har sai da ta zaunar da shi ta nuna masa takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ga da idonsa kalmar da ta faɗi a hanya.

Ranar da za ta gabatar da aikinta, ta shiga gaishe shi da sassafe. Yana zaune yana shafa man a gwiwa. Bai ɗago ba ya ce, “Uwata, su ɓerayen nan da aka ba bitamin, sun daɗe a duniya?”

Ta ce a'a, duka ake kashe su bayan sa'a shida, waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba, don a duba tumbin.

Ya ce, “Ashe ba wanda ya ga yadda suka kwana.”

Ya rufe kwalbar man, ya ce ta miƙo masa sandarsa.